Gida da Abin da Ke Ciki

A Zangon Kumasi, shekarun nan da Turawa ke shirin tattara nasu ya nasu, duk mai son sayar da gida sai ya bi ta hannun Malam Kassim dillali. Mutum ne mai bakin zuma da jan haƙora saboda goro, kuma bai taɓa barin mai saye da mai sayarwa su keɓe ba. Kowanne sai ya ja shi gefe, ya dafa ƙirji ya ce, "Ni naka ne."

Rafi'u tela ya ba shi gidan da ya gada ya nemo mai saye, don yana son komawa Krofrom kusa da shagonsa. Sharaɗinsa ɗaya ne. Mma Ajara, tsohuwar da ta goya shi bayan rasuwar uwarsa, za ta zauna a ɗakinta na bakin rijiya har ranar da Allah ya karɓi abinsa. Ba ta da kowa, ga ciwon ƙafa.

"Wannan ai ba magana ba ce," in ji Kassim. "Zan gaya wa mai saye, gida ne da abin da ke ciki."

Haka kuwa ya faɗa ranar ciniki, yana zaune tsakanin Rafi'u da Abdul-Rahaman mai motocin lodi. "Da abin da ke ciki?" Duka biyun suka gyaɗa kai. Aka sallama, aka shafa Fatiha, Kassim ya karɓi la'ada ta nan ya karɓa ta can.

Ba a daɗe ba Rafi'u ya kawo wa tsohuwar sabon zane, sai ya tarar da tabarmarta da tukwanenta a bakin kwata, kaji na tsattsagar ƙullin garinta. Abdul-Rahaman na tsaye a ƙofa, shi ma ransa a ɓace.

"Ni ba a faɗa mini akwai mutum ba, kwaraa, ko kaɗan," ya ce da Hausarsa ta Zango. "Malam ya ce abin da ke ciki ƙofofi ne da tankin ruwa. Ya ce tsohuwa ya zo baƙunta ne, kai ma ka gaji da shi."

Rafi'u ya ji kamar ya taka kashi da ƙafa ba takalmi. Ya sami Kassim a rumfar mai tsire, maiƙo na bin gemunsa.

"Ɗana, ina ƙaryata?" ya ce yana lasar yatsu. "Kai ka ji naka, shi ya ji nasa. Da na tsaya warware zance, da har yanzu gidanka na nan babu mai taya shi."

Ƙyamar mutumin ta hana Rafi'u ko zaginsa. Ya juya ya koma neman tsohuwar, don ya ɗauke ta zuwa Krofrom, ko da a shago shi zai riƙa kwana. Ya same ta a zauren maƙwabta, ta miƙe ƙafafu. Ya durƙusa ya ce, "Mma, tashi mu je gida."

Ba ta dube shi ba.

"Bar ni, Rafi'u. Malam Kassim zai samo mini ɗakin haya a Suame. Allah ya saka masa, shi kaɗai ya tsaya mini. Ya ce ya roƙe ka har ya gaji, ka ce a fitar da ni."