Geron da Ya Tsiro a Bangon Ɗanmaliki

A shekarun da ayarin fataken goro suka soma ya da zango a Tambuwal kan hanyarsu ta zuwa Sakkwato, garin ya cika har ya tumbatsa ta bayan ganuwa. Baƙi suka zo daga Jega, daga Kebbe, daga wuraren da bakina bai iya faɗin sunansu ba. Aka ce arziki ya sauka. Ni dai abin da na gani da idona, rijiyar da mata biyar ke ɗiba a da, yanzu hamsin ne a bakinta suna zage-zage, itacen girki kuwa sai an yi tafiyar rabin yini. Amma haƙoran mutane sun yi ja da goro, kuma a lokacin da haƙori ake auna jin daɗin mutum. Wanda tukunyar gidansa ta kwana biyu a kife ma, in ya sami ɓarin goro ya goga, sai ya ratsa kasuwa yana yaƙe baki ana yi masa barka.

Daga nan ciwon soro ya shigo. Ɗakin ciyawar da ya rufa wa kakanninmu asiri ya zama abin kunya. Kowa soro, kowa azara, kowa indararo. Maginan ƙwarai uku ne a garin, an kama su har damina biyu masu zuwa, don haka duk wanda ya taɓa liƙe tsagar bangon akurki ya wayi gari shi ma magini ne. Kududdufan da ake haƙar jar ƙasar gini suka ƙare, sai an tafi can nesa wajen hanyar Dogon Daji.

Maƙwabcina Namadi yana da gona daf da ƙofar gari. Gadon ubansa ce, ita kaɗai gare shi, kuma ita ke ciyar da baki tara. Shekara ashirin ke nan, duk bayan kaka, wani Bafillace mai suna Jumare yakan kawo shanunsa su sauka a cikinta har rani, su ci kara su bar taki, Namadi ya ba shi damman gero. Ƙasar ta yi baƙi wuluk, ta yi laushi, in ka cusa hannu sai ya nutse har wuyan hannu. Ni karatuna bai yi nisa ba, na tsaya a izu na goma sha biyu don tsuntsayen da ke kan bishiyar makarantarmu sun fi allon ɗaukar hankalina, amma ko ni na san wannan ƙasa ta ci ce, ba ta gini ba.

Ɗanmaliki bai sani ba, ko kuma bai damu ya sani ba. Babban falke ne, jakunansa sun fi talatin, ya zo garin bara waccan kuma yana so soronsa ya tsaya kafin ruwa ya sauka, don wani abokin kasuwancinsa ya riga shi aza azara. Da ya rasa magina sai ya ce masu kora masa jakuna su gina. Da ya ga nisan jar ƙasa sai ya dubi gonar Namadi, ga ta nan a bakin ƙofa, ko gatari ba ta buƙata.

Ina zaune gindin tsamiya ina kallon wata hawainiya sai Ɗanmaliki ya iso wurin Namadi da hantsi.

"Namadi, ƙasa nika so."

"Ranka shi daɗe, gonar ga ba ta sayarwa ba ta. Gadon ubana ta."

"Wa ya ce maka gona? Gonarka tana nan inda Allah ya aje ta, ko taku ɗaya ba ta matsawa. Ta sama-saman nan kawai za mu kwashe. Ƙarƙashin ƙasa mi ne ne, Namadi?"

Namadi ya tsaya yana tunani, kamar an ba shi babbar mas'ala. "Ƙasa," ya ce.

"To ka gani! Ashe malami ne kai ba a sani ba."

Kafin azahar aka kawo wa Namadi rigar saƙi mai aska biyu, da takalmin fata ja, da huhun goro ƙarami. Ya sa rigar ya shiga gida. Matarsa Atu tana surfe, ta ɗaga kai ta dube shi daga sama har ƙasa. Katangar da ke tsakaninmu zana ce, don haka ba laifina ba ne da na ji.

"Maigida, wa ya mutu ya bar maka?"

"Ke dai ba ki iya ganin alheri ki yi shiru. Turɓaya na bayar, Atu. Turɓaya! Wadda kika sharewa kina zubarwa kullum."

"Turɓayar ina?"

"Ta gona. Ta sama kaɗai."

Ta jingine taɓarya. "To geron a wace ƙasa shika fita, ta sama ko ta ƙasa?"

"Shi gero ina ruwanai da sama da ƙasa? Inda an ka sa shi nan shika fita."

"Madalla. In damina ta zo sai mu dafa hannun rigar, yara su sha romo."

Ya miƙa mata goro, ta ce ya ajiye wa haƙoransa, su ne za su fita kasuwa.

Jakuna suka fara jigila. Da sauran masu son soro suka ga hanya ta buɗe, su ma suka zo, wannan da rawani, wancan da kan gishiri, wani da buta ta tagulla wadda ke yoyo. Namadi bai mayar da kowa ba, don yanzu in ya wuce ana ce masa mai ƙasa, har mahauta na yi masa tayin tsire. Gonar tana nan inda Allah ya ajiye ta kamar yadda aka yi masa alkawari, sai dai kullum tana ƙara nisa da sama. Da farko in ya tsaya a ciki ana ganin gwiwarsa. Zuwa bazara rawanin kaɗai ake hangowa.

Jumare ya biyo ta nan zai koma da shanunsa wajen Kebbe. Ya tsaya a bakin ramin, ya rataya hannuwa a kan sandarsa, ya daɗe yana leƙe.

"Kaɗo," ya ce, yadda Fulani ke kiran Bahaushe, "rijiya kaka gina?"

"Gona ta, Jumare, ba ka gane ta ba?"

"Na gane wurin. Ina kashin shanuna na shekara ashirin?"

"Ya shiga gari. Ya zama soro."

Jumare ya girgiza kai. "Shanuna sun yi arziki, ba su sani ba. Baɗi kada ka jira ni. Ba ni da saniya mai hawa tsani."

Ruwan shuka ya sauka. Namadi ya gangara da iri ya shuka a jar ƙasar da ta rage, mai tauri kamar bayan tukunya. Ruwa na biyu ya cika ramin zuwa ƙugu, na uku ya kawo kwaɗi. Irin ya ruɓe. A rumbu kuwa abin da ya saura ba zai kai su wata biyu ba, Atu ta soma auna hatsi da ƙaramin ƙoƙo.

Sai wata safiya na bi ta layin Ɗanmaliki, na ga abin da har yau in na rufe ido ina ganinsa. Bangon sabon soron nan ya yi kore shar. Duk ƙwayar geron da ta zube a gonar Namadi lokacin girbi ta shiga cikin tubali, ga taki, ga ruwa, me za ta jira? Gyauro ya tsiro daga gindin bango har kan rufi, har cikin bakin indararo. Iska na kaɗa shi, soron kamar yana numfashi. Na tsaya nan har rana ta take, ban ko karya ba. Akuyoyin unguwa ma sun taru, suna miƙe wuya.

Na je na gaya wa Namadi gonarsa ta yi kyau bana, sai dai a tsaye take.

Ya zo ya gani, ya zagaya gidan sau biyu, ya wuce wurin alƙali da rigarsa mai aska biyu. Aka kira Ɗanmaliki.

"Allah shi gafarta malam," Namadi ya ce, "ƙasa na ba shi. Ban ba shi iri ba. Geron ga nawa na."

"A bangona ya fita," in ji Ɗanmaliki. "Albarka ta, kowa ya shaida. Mutane har daga Dogon Daji suna zuwa kallo."

Alƙali ya shafa gemu, ya ce a duk littattafan da ya karanta bai taɓa gamuwa da gonar da ke da ƙofa da zaure ba. Ya yanke cewa iri na Namadi ne, bango na Ɗanmaliki, a bar geron ya nuna, Namadi ya girbe, kada kowa ya tuge ko kara ɗaya. Ɗanmaliki ya yarda da murna, don soron abokin kasuwancinsa, duk tsawonsa, ko ciyawa bai fitar ba.

Namadi ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai. "Atu, mun yi nasara. Gero namu na."

"Dami nawa?"

"Ba a ƙidaya shi tun shina tsaye."

"To kai za ka hau ka yi mai noma, ko shi za shi sauko?"

Kullum da safe yakan je ya tsaya gindin bangon da sanda yana korar akuyoyi. Geron ya yi tsawo, saiwarsa ta yi ta kutsawa cikin tubali, bangon ya fara tsagewa, masu kallo suna cewa ikon Allah. Da marka ta zo aka kwana uku ana ruwa ba ɗauke wa. Rana ta huɗu da la'asar, Ɗanmaliki da iyalinsa sun riga sun kwashe kaya sun koma tsohon ɗakin ciyawar da ke bayan gida, soron ya durƙusa a hankali, ba ko ƙara, kamar raƙumin da ya gaji. Sauran sorayen da aka yi da ƙasar Namadi suka bi sahu kafin Juma'a. Baƙar ƙasa ta malale a layi, geron da ko kai bai fitar ba yana kwance a cikinta, akuyoyi suka sami abin da suka daɗe suna roƙo.

Ɗanmaliki ya leƙo daga ɗakin ciyawa, ruwa na ɗiga daga rawaninsa. "Namadi, zo kwashe gonarka daga ƙofar gidana."

"Ranka shi daɗe, a ara mini jaki biyu."

"Jakuna sun tafi ɗauko jar ƙasa."

Namadi ya ɗauki kwando. Kwana bakwai yana jigila a ka, yana zubawa a gefen ramin inda ruwa bai kai ba, rabin ƙasar kuwa ta riga ta bi kwata ta fita gari. Abin da ya tara bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. A kwana na takwas Atu ta juye ƙoƙon ƙarshe a turmi, ta ɗaure tukwane da tabarmi, ta ce za su Fakku wurin yayanta, wanda har yanzu bai waye ba, yana zaune a ɗakin ciyawa kusa da rumbuna huɗu.

"In kana zuwa, maigida, ka taho da rigar. Ta yi kyau da korar tsuntsaye."

Ya bi su. Na raka su har bakin ƙofa, muka wuce ta gefen ramin, bai juya ya dube shi ba.

Ramin yana nan har yau, ruwansa kan kai tsakiyar rani. A nan fatake ke shayar da jakuna, mata na wanki, an ma fara kama tarwaɗa. In baƙo ya zo, mutanen gari sukan kai shi su nuna masa, su ce dubi yadda Tambuwal ta bunƙasa, har tafki gare mu a bakin ƙofa. Gonar Namadi ake ce masa. A gefensa na gabas akwai ɗan tudun baƙar ƙasa, duk damina gero kan fito a kai ba wanda ya shuka. Bara na ƙirga zangarniya goma sha ɗaya. Na yanke su na ba wani mai zuwa Fakku ya kai masa.