Jan Fulogi a Motar Baba

Yaya ne ya yanke hukuncin, kamar yadda ya saba yanke komai a gidanmu ba tare da ya tambayi kowa ba. Wai motar Baba ta gama yayi, a kira mai sayen tsofaffin ƙarafa ya ja ta, Baba kuma ya ajiye tuƙi ya huta. Hujjarsa ita ce 'yar fitilar gargaɗin nan mai siffar inji da ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Motar nan ita ce ƙafar Baba. Da ita yake kai Inna asibiti, da ita yake zuwa gaida abokansa da suka rage. In aka karɓe makullin, zaman kujera ya same shi ke nan.

"Yaya, fitila ce fa ta kama, ba wuta ba," na ce masa.

"Ke yi mana shiru. Jira kike ta mace masa a tsakiyar titi?"

Ban yi shirun ba. Washegari na sa Baba ya tuƙa mu gareji, Inna na baya tana addu'a kamar za mu ƙetare kogi. Makanikin, wanda kowa ke kira Dogo, ya jona na'urarsa a ƙasan sitiyari, ya karanto lambar da ta fito.

"P0420. Motar na ƙarar katalis ɗinta, wato tukunyar da ke tace hayaƙi a cikin salansa. Amma lamba ba ta cewa ya mutu, Baba. Cewa take a duba."

Ya shiga ƙarƙashi ya bi bututun ko yana yoyo, bai samu ba. Ya kwance fulogi ɗaya, ya ɗaga shi a rana, sai ya yi fito. Bakin fulogin ja wur kamar an tsoma shi a tsatsa. Na'urar shinshinar hayaƙin da ke bayan katalis ita ma haka.

"Wa ke ɗura mata maganin ƙarin ƙarfi a tanki?"

Baba ya gyara hula. "Ni. Kwalba guda, in na sha mai. Haka aka rubuta a jiki."

"Kwalba guda ba ta yin wannan ɓarnar."

Muna cikin haka sai ga Yaya, har da mai ƙarafan a bayansa, mutumin yana ƙwanƙwasa ƙofar motar da yatsa tun ba a sallama masa ba. Na ce ya ɗauke hannunsa, ba gawa ya zo wanka ba.

Inna ce ta yi magana, murya ƙasa ƙasa. "Ni ma ina zuba mata maganin. In ya tafi masallaci."

Baba ya juyo gaba ɗaya. "Ke? Ina kika san bakin tanki?"

Ta nuna Yaya da haɓa. "Shi ya koya min. Shi ke kawo kwalaben, ya ce kar ka sani, don kar ta tsaya maka a hanya."

Dariya ta kusa ƙwace min, ga kuma haushi. Ashe mutumin da ya fi kowa kiran motar mushe shi ne ke shayar da ita magani a ɓoye, har ya kusa kashe ta da gaske.

Dogo ya ce akwai hanya mai sauƙi, wadda wasu ke bi: a fasa cikin katalis ɗin a zubar, a manna baƙin tef a kan fitilar, kowa ya kwana lafiya.

"Ba za a fasa komai ba," in ji Baba. "Ba kuma za a rufe mata baki ba. Tana da ciwo ta faɗa, laifi ne? Canja abin da ya lalace."

Aka sa sababbin fulogai da sabuwar na'urar, aka zuƙe man tankin aka zuba mai tsabta. Dogo ya goge lambar, ya kuma faɗi gaskiya: sai an yi ta yawo da ita kafin a san ko katalis ɗin ya tsira. Fitilar na iya dawowa.

"To in ta dawo fa, Baba?" Yaya ya tambaya. Muryarsa ta yi laushi, tsoro ne zalla a cikinta.

"In ta dawo, in dawo nan. Da ƙafata a kan totur." Baba ya karɓi makullin daga hannun Dogo ya damƙe. "Ita kun ɗura mata magani ba ku tambaye ta ba. Ni kuma za ku zaunar da ni ba ku tambaye ni ba. Sallami baƙonka."

Mai ƙarafan ya kama gabansa yana gunaguni. Baba ya tada mota, ya sauke gilashi, ya dubi ɗansa na fari da ke tsaye cikin baƙin mai.

"Shiga baya, in sauke ka."