Ungo, Kompadre

Tun da Baudilio Atencia ya fara tuƙa kwalekwale a kogin nan, ba a taɓa ɗaure masa shi ba sai wannan makon. Ga shi can a bakin ruwa, gaban ofishin alƙaliyar sulhu ta San Gervasio, an naɗe injinsa da sarƙa an danna kwaɗo, sai ka ce shi ya yi laifin. Da wannan kwalekwalen Baudilio ke kai rogo da cuku kasuwa, da shi yake ciyar da gidansa. Yau kuma za a yanke hukunci, ko ya koma hannunsa ko a sayar a biya diyya.

Laifin nasa kuwa ceto ne. Ranar da kogi ya ɓalle ya shiga unguwar gangare, Baudilio ya sauke buhunan rogonsa a kan tudu ya shiga kwasar mutane. A kan rufin kwano ya tarar da Ermelinda Payares, telar unguwar, tana zaune daram, keken ɗinkinta a gefe, kaza a hammata. Komadrensa ce, don shi ya riƙe ɗanta Yeison a coci ranar baftisma, kuma a garin nan wannan zumunci ya fi na jini nauyi. Ya ce ta miƙo hannu, ta ce keke tukuna. Ya ce hannu, ta ce keke. Rufin ya girgiza, ya finciko ta da iya ƙarfinsa, kafaɗarta ta goce, keken ya sulale ya nutse. Kazar ce kaɗai ta fita ba ko ƙwarzane.

Da suka isa makarantar kan tudu, inda ake sauke waɗanda ruwa ya kora, Ermelinda ta miƙo masa kazar da lafiyayyen hannunta ta ce, "Ungo, kompadre." A San Gervasio ba a barin wanda ya yi maka alheri ya tafi hannu rabbana, kuma mayar da kyauta zagi ne. Baudilio ya karɓa, ya yi godiya, ya miƙa wa matarsa Otilia da ke girka wa jama'a a harabar makarantar, ya koma ruwa. Kafin la'asar kaza ta zama romo da rogo da ayaba, kowa ya sami ludayi.

Sai Yeison ya iso daga birni. Yaron kirki ne, kada a zalunce shi, amma ya ga uwarsa da hannu rataye a wuya, ba gida ba keke, hankalinsa ya tashi. Mutumin da hankalinsa ya tashi kuma a birni yake zaune, abu na farko da yake tunawa shi ne ƙara. Aka gaya masa ai bayan ambaliyar baya majalisar garin ta kafa ƙa'ida: duk wanda ya taimaka lokacin bala'i da zuciya ɗaya, mai kwalekwale ne ko mai shago, ba a kama shi da abin da ya ɓaci a hannunsa, muddin bai yi ganganci ba, bai kuma karɓi lada ba. Yeison ya yi ta juya maganar lada a ransa har ya ji labarin kaza, sai ya shigar da ƙara.

Safiyar zaman, ofishin ya cika har taga. Masu kwalekwale duk sun ɗaure jiragensu sun zo kallo, alhali kogi na ƙara tasowa, hadari kuma ya haɗo ta gabas. Wani daga cikinsu ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "In aka sayar da na Baudilio, gobe ko Fadan coci ne a kan rufi sai dai ya koyi iyo!"

Baudilio bai yi dariya ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, ga kuma haushi. Ya sa farar rigar da yake zuwa coci, wadda Ermelinda ce ta ɗinka masa, abin da bai tuna ba sai da ya zauna ya ga tana kallon maɓallan.

Yeison ya shigo da takalmi mai ƙyalli. Yana haɗa ido da Baudilio, hannunsa ya cire hula da kansa, bakinsa ya riga shi: "Sa min albarka, Baba."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," in ji Baudilio. "Ya kuma shirye ka da wuri, kafin azahar in zai yiwu."

Ɗakin ya fashe da dariya. Alƙaliya Doña Nubia, tsohuwar malamar makaranta da ta koyar da rabin mutanen ɗakin, ta buga tebur da maficinta. "Duk wanda ya sake washe baki zai tsaya a waje, kamar da. Yeison, muna jin ka."

Yeison ya gyara murya. "Ranki ya daɗe, ba na cewa Baba mugu ne. Amma an biya shi. Mahaifiyata ta ba shi kaza a gaban shaidu, ya karɓa. Wanda aka biya ba ɗan agaji ba ne, ɗan kwangila ne. Ya goce mata kafaɗa, ya nutsar da abin sana'arta, sai ya biya."

"Baudilio, ka karɓi kaza?"

"Na karɓa, ranki ya daɗe. Da in mayar wa komadrena kyauta a gaban mutane?"

"Ina kazar take?"

Baudilio ya sosa ƙeya. "Ai kin san inda take. Ke ma kin sha romon, har kika ce gishiri ya yi kaɗan."

"Gishirin ya yi kaɗan," in ji Doña Nubia ba tare da ko ƙifta ido ba. "Wannan ba ya cikin shari'a." Ta juya wajen Ermelinda. "Ermelinda, magana na hannunki. Kazar nan da kika ba shi, lada ce ko kyauta?"

Yeison ya sunkuya kusa da kunnenta, amma raɗar mutumin birni har bakin ƙofa ake jin ta: "Mama, ki ce lada."

Ermelinda ta juyo a hankali ta kalli ɗanta daga takalmi har gashi. "Lada? Ni in biya kompadrena? Mutumin da ya riƙe ka a gaban Fada ka jiƙa masa riga bai ce komai ba? Ana biyan baƙo, ba a biyan kompadre. Kana so a ce a garin nan Ermelinda Payares ta sayi ranta da kaza?"

Baudilio ya saki numfashi. Doña Nubia ta gyaɗa kai. "To, kyauta ce ke nan."

"Ba kyauta ba ce."

Numfashin ya koma inda ya fito.

"Ermelinda, kada ki wahalar da ni," in ji alƙaliya. "Ba lada ba, ba kyauta ba. Me kika ce masa?"

"Na ce ungo."

"Ka ji ko!" in ji Baudilio. "Ungo ta ce!"

"Ungo ka riƙe min, kompadre! Hannuna ɗaya ya mutu, ɗayan na riƙe da kaza, da me zan dafa in fito daga kwalekwale? Da haƙori? Na ce ungo, na sa ƙafa a ƙasa, na juyo in karɓi abata, sai na hango komadre Otilia tana fige ta."

Wannan karon ko mafici bai iya tsayar da dariyar ba. Wani mai kwalekwale ya zame daga taga. Ita kanta Doña Nubia ta rufe fuska da mafici kafaɗunta na rawa. Amma Baudilio bai ji abin dariya ba, don yana kallon fuskar komadrensa, ita ma ba dariya take ba.

"Me ya sa ba ki yi magana ba?" ya tambaya a hankali.

"In ce me? Ka fito da ni daga bakin mutuwa, in bi ka ina ihu a ba ni kazata? Gida ya tafi, keke ya tafi. Ita kaɗai na fito da ita, kuma tana ƙwai." Ta gyara ɗaurin hannunta. "Na zauna na sha romon tare da kowa. Gishiri ma ya yi kaɗan."

Kunya ta kama Baudilio har wuya. Tun ranar yake ɗaukar kansa jarumi, ashe abu ɗaya da ya rage wa matar nan a duniya shi ya jefa a tukunya, har da godiya.

Doña Nubia ta share ido ta yanke hukunci. Babu lada, babu ganganci, saboda haka kafaɗa da keke ba sa kan Baudilio, a kwance masa kwalekwalensa yanzu. "Kaza kuwa ba a ruwa ta ɓata ba, a kan tudu ta ɓata, ƙa'idar majalisa ba ta kai can ba. Ku je ku sasanta, kompadre da komadre ne ku."

A bakin ruwa masu kwalekwale suka ruga suna kwance igiyoyinsu, don yayyafi ya fara. Yeison ya tsaya rungume da hularsa, ya kasa ɗago kai. Baudilio ya jefa masa igiya. "Cire takalmin nan ka shigo. In ruwa ya janye, ni da kai za mu nutsa mu nemo keken uwarka. Kaji kuma ta zo gidana ta zaɓa da kanta."

Ermelinda ta iso bakin kwalekwalen tana dogara laima. Ta dubi tazarar da ke tsakanin ƙasa da katako, ta miƙa masa laimar. "Ungo, kompadre."

Baudilio ya ɗaga hannuwansa biyu sama. "Tsaya tukuna, komadre. Wannan ta riƙewa ce ko ta tukunya?"

"Riƙe, ɓarawon kaji," ta ce, ta dafa kafaɗarsa da lafiyayyen hannunta ta shiga.