Huhun Doña Brígida

Likita Nélida Ticona na zaro tef ɗin awo, sai Doña Brígida ta yunƙura daga gadon tiyata.

"Ke 'yar nan! Akwatin gawa za ki auna min tun ina raye?"

"Haba Mama, tsayinki nake nema. Katinki ya ce mita ɗaya da sittin."

"To, ƙarya ne?"

"Da hula aka auna ki, ko?"

Matar ta kau da kai. Ai kuwa, mita ɗaya da arba'in da uku ce cif, sauran duk hular nan ce mai tudu ta matan garinsu, El Alto.

Nélida ce mai sa barci, numfashin matar a hannunta yake. Ƙari za a ciro daga mahaifa. Za a hura mata ciki, a karkata gadon kai ƙasa, kayan ciki su danne huhun da hayaƙin murhu ya ci, shekara talatin tana dama kunun masara a bakin tasha. In injin numfashi ya cika tura iska, huhun zai ji rauni, ta kasa numfashi da kanta. Shi kuwa huhu ba ruwansa da ƙiba, tsayi yake bi. Nélida ta rage awon kowane numfashi, ta bar 'yar iska a ciki kada ya manne.

Ana tsakiyar aiki, awon iskar da ke jinin matar ya fara sauka.

"Ƙara mata iska mana!" in ji Huanca, likitan fiɗa, ko ɗagowa bai yi ba.

"Kai dai ji da wuƙarka. Sassauta min iskar cikin, zan ɗan ɗaga gadon."

Nélida ta ɗan ɗaga gadon. Ta buɗe huhun da iska sannu a hankali, ta riƙe, ta saki. Awon ya nuna tamanin da takwas. Casa'in. Casa'in da huɗu. Huanca ya yi ƙwafa ya ci gaba.

Da aka ɗinke, Nélida ta tsayar da injin, ta ɗora hannu a kan jakar robar da ke nuna numfashi. Shiru. Duk aikin nan ba inda ta tsana kamar wannan jiran.

Can sai jakar ta motsa da kanta. Ta sake motsawa. Nélida ta zare bututun numfashin daga bakin matar. Doña Brígida ta yi tari, ta ja iska har ƙasan ƙirji, ta buɗe ido ɗaya.

"Wace mai mugun hannu ce ta kwance min kitso ba ta tambaye ni ba?"

A numfashi ɗaya ta faɗe shi. Nélida ta share ƙwalla da kafaɗa.

"Yi ta masifa, Mama, ina saurare."