Sai Babba Ya Ce Amin

A shekarun da kuɗin mai suka shigo, har a Roni an ji ƙamshinsu, amma motar da ke zuwa asibitin Kazaure ɗaya ce, ta Haladu, ita ma sai ranar kasuwa. A irin wannan rana ƙyanda ta sauka a ƙirjin Alheri, 'yar Martina, yarinyar da aka samu bayan dogon jira da gorin dangin miji. Mijin, Joseph, kafinta ne, yana Babura wurin aiki.

Martina ta goya yarinyar za ta fita ke nan, sai ga Baba Nicodemus, dattijon majami'arsu, yana dogara sanda.

"'Yata, ba a fita da mara lafiya ba a miƙa shi ga Ubangiji ba. Mu durƙusa."

Suka durƙusa. Baba Nicodemus mutumin kirki ne, ban musa ba, amma in ya buɗe baki gaban Allah sai ka rantse sun shekara ba su haɗu ba. Ya gode don damina. Ya roƙa wa gwamnati hikima. Ya bi 'yan'uwa na Gwiwa da na Kanya Babba gida-gida. Daga bakin hanya Haladu ya danna hon, ya sake dannawa. Martina tana ji, tana kuma jin numfashin yarinyar yana sarƙewa a bayanta. Sai dai tun tana ƙarama aka koya mata ba a buɗe ido, ba a motsi, sai babba ya ce amin. Ta runtse ido tana ta jefa amin inda ba wurinsa ba, ko zai gane. Shi kuwa tsoho ya ɗauka addu'ar ce ta ratsa ta, ya ƙara himma.

Da suka tashi, mota ta tafi. Martina ta bi hanya a ƙafa tana gudu-gudu. Ba ta bar gonakin gari ba ta ji goyon ya saki.

Bayan an binne, Baba Nicodemus ya zo gaisuwa, idonsa jawur, don shi ma ya yi kuka.

"Alherin Allah kyauta ne, 'yata," in ji shi. "Ba aikinmu ya kawo ta ba. Mai ita ne ya karɓi abinsa."

"Baba, ku gafarce ni," ta ce. "A garinmu ko yaro ne ya yi kyauta ya dawo ya ƙwace, uwarsa kan ji kunya."

Sauran maganar ta haɗiye. Haushin tsohon bai kai rabin haushin gwiwoyinta ba, da suka ji hon suka ƙi miƙewa.

Ba ta daina zuwa majami'a ba. Kullum da safe takan shiga ita kaɗai, ta durƙusa, ido buɗe, baki rufe. Wata rana Joseph ya tare ta a ƙofa.

"Martina, me kike gaya masa haka kullum?"

"Ba na ce masa komai," ta ce. "Zuwa nake ya dube ni."