Ranar da Baba Begila Bai Busa Ba

"Ƙara matse ta nan, tela. Kamar buhu aka zura mini."

Tela ya kama kafaɗar farar rigar faretin, ya ji ƙashi zalla a ƙarƙashin yadin. Bara ma ya rage mata faɗi, amma bana sai da ya ninke kusan tafin hannu. Baba Begila, maƙwabcinsa da katanga ɗaya ta raba su, yana zaune a bakin gado yana haki. Begilar tagullar da ta jawo masa sunan tana rataye a ƙusa, an goge ta tas.

"Baba, ko bana a bar wa yara su busa?"

"Waɗanne yara? Masu busa kamar akuya ta maƙale a shinge?" Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ran da aka sauke tutar 'yan mulkin mallaka aka ɗaga tamu, ko gemu ban da shi. Babban mai busa na 'yan sanda kuka ya ci ƙarfinsa, leɓensa na rawa, sai ya miƙo mini. Na rufe ido na busa. Mutane suka yi ta rungumar waɗanda ba su sani ba. Tun ranar, 'yan makaranta ba sa ɗaga ƙafa a filin nan sai sun ji ni."

Tela ya sha jin labarin nan, har yakan ƙarasa masa shi don tsokana. Yau kuwa ya sunkuya ya ci gaba da awon rigar.

A tsakar gida 'yar Baba ta tare shi, hannunta duk kumfar sabulu. "Yaya, kada ka biye masa. Likita ya ce ko ƙofar gida kada ya taka."

"Na ji, ƙanwata."

Amma ta taga muryar tsohon ta biyo shi: "Jibi ka zo da babur ɗinka!"

"Zan zo, Baba," in ji tela. Bai iya kallon 'yar ba.

Ranar bikin 'yancin kai ya gama guga da sassafe, ya rataya rigar a hannu ya fito. Takalman mata ya fara gani birjik a ƙofar ɗakin. 'Yar tana zaune a dakali, ta ɗago jajayen idanu.

"Ya ce in buɗe taga ya ji ko an fara kiɗa. Kafin in juyo…"

Tela ya tsaya da rigar a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta.

Da hantsi suka ɗauko shi, tela na riƙe da gaban makarar. A mararraba suka tarar an tare titi da igiya, 'yan makaranta na wucewa layi-layi zuwa filin fareti, ganguna na tashi. Dole suka tsaya. Hawayen tela na sauka a wuyan rigarsa, ba hannun sharewa.

Wata malama da ke gaban layi ta dubo su. Ta tambayi ɗan sandan da ke bakin igiya, ya faɗa mata gawar Baba Begila ce. Ta ɗaga hannu, gangunan suka ɗauke.

Yaran suka ci gaba da wucewa shiru, ƙananan tutocin takarda a hannuwansu. Ba abin da ake ji sai sawun takalmansu a kan kwalta.