Tsayuwar Tokuemon

Sau bakwai ana kashe Tokuemon tun safe, har yanzu bai mutu yadda darakta yake so ba.

Aikin fa ba wani wuya. A fim ɗin shi ne azzalumin da ya kashe uban wata yarinya, yau ta ritsa shi a kan gada da takobi. Ta soke shi, ya faɗi, shi ke nan. Amma shekara arba'in da ɗaya a dandalin kabuki, wasan kwaikwayon gargajiya na Japan, sun shige masa ƙashi. Da takobi ya taɓa shi sai ya buga ƙafa, ya murɗa wuya, ya karkatar da ido ɗaya, ya ƙame ƙiƙam. A kabuki nan ne wani cikin 'yan kallo yake kwaɗa sunan gidan ɗan wasa don jinjina masa, sannan ɗan wasan ya motsa. A filin ɗaukar fim na Kyoto kuwa ba mai kira, sai kyamara tana ta cin fim.

"Baba, wa kake jira?" in ji darakta Shibamoto, yana sosa ƙeya. "Soke ka aka yi, ba hoton biki ake ɗauka ba."

"A gafarce ni, ranka ya daɗe. Ƙafar ce."

"To ka yi wa ƙafar magana. Bayan abinci sau ɗaya zan ƙara. In ka sake ƙamewa, ɗan wasan can Genzo ya sa kayanka ya maye gurbinka."

Tokuemon ya kasa zama. Ya je bakin gada, ya dawo, ya kwance ɗamara, ya sake ɗaurawa. Matarsa Otomi, wadda take gyara wa 'yan wasa gashin aro, tana bin sa da curin shinkafa.

"Zauna ka ci, tsoho, kana sa ni jiri."

"Ba ya wucewa."

"Faɗuwa ce kawai fa. Jiya a bakin wurin wanka ka yi ta ba wanda ya roƙe ka."

Bai yi dariya ba. Tsoro yake ji, tsoro sosai. Wannan ne karo na farko da za a rubuta sunansa a majigi, kuma ya san ba na biyu. A dandali shi ne mai riƙe fitila a baya, shi ne sojan da jarumi yake wurgarwa. Tsayuwar nan bai taɓa yin ta gaban jama'a ba, sai a gida gaban madubi, Otomi na wanke-wanke. Sunan gidansa Kazamiya, ba bakin da ya taɓa kiransa.

Aka koma aiki. Yana hawa gada yana gaya wa kansa: faɗi, faɗi kawai. Yarinyar ta taho a guje, takobi ya shiga ƙarƙashin hammatarsa.

Ƙafar ta buga katako da kanta.

Wuya ya murɗe, ido ya karkace. Ya san ya kashe kansa, amma wallahi tsayuwar ta yi kyau, ya ji ta har yatsun ƙafa. Wurin ya yi tsit. Can daga bayan akwatunan kaya sai wata murya ta tsage.

"Kazamiya!"

Sannan ya faɗi.

Shibamoto bai yi faɗa ba. Ya ce a tsaya, ya ce a kira Genzo. Otomi ce ta cire wa mijinta gashin da hannunta, ta ɗora wa Genzo.

Suka fito ta ƙofar baya, rana tana dukansu, suka nufi tashar jirgi. Tana ta satar kallonsa.

"Ni na ƙarasa ɓata maka, ko?" ta ce.

"Kin makara," ya ce. "Da numfashi ɗaya. Ana kira ne da wuya ya gama juyawa."

"Ai ban taɓa yi ba."

"Ni ma ban taɓa ji ba."

Ya miƙa hannu ya karɓi curin shinkafar. Yana ci hawaye suna wanke masa sauran kwalliyar fuska.